Tambaya: in DNA iri ɗaya ne a duk jiki, me ya raba ido da hanta, kuma ina hali yake shigowa?

Daliba_Mai_Tambaya:

Slm yan uwa, dan Allah masu ilimin bayoloji ku taimaka min da wannan abun domin ya dade yana cin raina. An koya mana cewa kusan kowane sel a jikin mutum DNA dinsa iri daya ne, na ido da na hanta da na kashi duk abu daya suke dauke dashi. Toh in haka ne me yasa sel din ido bai zama hanta ba, waye yake fada masa kai ido ne kai kuma kashi ne, kuma ya akayi hannu yasan inda zai tsaya da girma ya fitar da yatsu biyar ba bakwai ba?

Abu na biyu wanda yafi daure min kai, na karanta cewa kwayoyin gado, wato sassan DNA da suke hada furotin, a jikin mutum kusan 20,000 ne, sannan wata yar mitsitsiyar tsutsa da ake bincike da ita wadda tsawonta bai wuce milimita daya ba itama kusan 20,000 take dasu. Tsutsar nan sel din jijiyarta 302 ne kacal, mu kuma kwakwalwarmu tana da wajen biliyan 86. Ta yaya adadi daya zai bada abu biyu masu nisa haka?

Sai na karshe, hali. Dabba tana fitowa duniya ta iya abubuwan da babu wanda ya koya mata, kudan zuma yasan aikinsa a cikin amya. Kwayar gado dai furotin take hadawa, toh ta ina furotin yake zama hali? Ngd sosai, Allah ya kara ilimi.

Malamin_Bayoloji:

Wa alaikumus salam 'yata. Tambayar nan taki ita ce ta hana manyan masana barci shekaru da yawa, kuma na ji daɗi da kika haɗa su ukun wuri ɗaya don amsarsu tushe ɗaya ne.

Da farko sai da aka tabbatar cewa sel baya zubar da ƙwayoyin gadon da baya amfani da su, don da akwai masu ganin ko sel ɗin hanji ya yar da na ido ne shi yasa ya zama hanji. A 1962 John Gurdon a Ingila ya ciro cibiyar sel, wato inda DNA yake, daga hanjin ɗan kwaɗo, ya saka ta cikin ƙwan kwaɗon da aka lalata tasa cibiyar, sai ga ɗan kwaɗo cikakke yana iyo. Kenan sel ɗin hanji yana riƙe da komai, har na ido da na ƙwaƙwalwa. Tunkiyar nan Dolly da aka haifa a 1996 daga sel ɗin hantsar wata tunkiya aka samo ta. Toh tunda komai na nan, bambancin ya koma kan wanne aka kunna, wanne aka kashe, a wane lokaci, kuma da wane ƙarfi.

Yadda kunnawar take, François Jacob da Jacques Monod ne suka fara nuna shi a 1961 a Faransa, a jikin bakteriya. Bakteriyar tana da ƙwayoyin gadon narkar da sukarin madara amma bata ɓata ƙarfinta tana haɗa furotin ɗinsu in babu sukarin, akwai wani furotin da yake zaune daram a kan DNA ya tare hanya, in sukarin ya shigo sai wani abu da ya samu daga gare shi ya manne wa furotin ɗin nan ya sa shi ya saki, sai a fara karantawa, in sukarin ya ƙare ya koma ya zauna. Ki ɗauke shi kamar makunnin wutar ɗaki, kwan fitila yana nan ko da yaushe amma sai an danna. A jikinmu furotin masu wannan aiki na hawa kan DNA su kunna ko su kashe sun kai wajen 1,600, su kuma guntayen DNA ɗin da suke hawa, wato makunnan, sun fi ƙwayoyin gadon kansu yawa nesa ba kusa ba. Ɓangaren da ke haɗa furotin bai kai kashi 2 cikin 100 na DNA ɗinmu ba. Nan ne amsar tambayarki ta biyu take: ƙwayar gado ɗaya tana iya samun makunni da yawa, wannan na aiki a ƙwaƙwalwa, wancan a hannu, wani kuma sai a sati kaza na ɗan tayi, kuma makunni ɗaya yakan buƙaci furotin uku ko huɗu su haɗu kafin ya tashi. In kika fara lissafin haɗe-haɗen da za a iya yi da 20,000 ta wannan hanya lissafin zai gagare ki.

Sai maganar waye ke faɗa wa sel inda yake. A ƙudan nan ƙarami mai bin ruɓaɓɓun 'ya'yan itace, wanda aka fi bincike da shi, uwa ce take ajiye wani saƙo, wato kwafin wata ƙwayar gado da ake karantawa a haɗa furotin, a gaban ƙwan tun kafin a yi komai, furotin ɗin da ya fito daga saƙon sai ya bazu, ya yi yawa a gaba yana raguwa zuwa baya. Sel ɗin da ya ji shi da yawa sai ya kunna ƙwayoyin gadon kai, wanda ya ji kaɗan ya kunna na ƙirji, waɗannan su ma su kunna wasu, a haka a haka har jiki ya kasu gaɓa-gaɓa. In uwar bata ajiye saƙon ba ɗan yakan fito babu kai, jela gaba jela baya. Christiane Nüsslein-Volhard da Eric Wieschaus da Edward Lewis sun samu kyautar Nobel a 1995 a kan irin wannan aiki.

Shi Lewis a kan ƙwayoyin gadon da ake kira Hox ya yi nasa, su ne ke gaya wa kowace gaɓa me zata zama. Ƙuda yana da 8, mu muna da 39. In aka kunna ɗaya daga cikinsu a kan ƙuda inda bai kamata ba, ƙafa ce zata fito a gurbin eriyarsa, ƙafa sosai mai gaɓoɓi. A ɓera da aka kashe rukunin Hox10 sai haƙarƙari ya fito a ƙashin bayan ƙugu inda babu shi a da. Wanda ya fi ba ni mamaki har yau, a 1995 a ɗakin binciken Walter Gehring a Suwizalan suka kunna wata ƙwayar gado guda ɗaya a ƙafa da fiffiken ƙuda, ido ya fito a wurin. Suka ɗauko irinta ta ɓera suka saka wa ƙudan, ido ya sake fitowa, kuma idon ƙuda ne ba na ɓera ba. Ki lura da wannan da kyau, ƙwayar bata ɗauke da zanen ido, umarni kawai take bayarwa cewa a fara aikin ido a nan, sauran dubban da take tayarwa su ne ke yin ginin da kayan da ƙuda yake da su. Ikon Allah kenan.

Daliba_Mai_Tambaya:

Malam Allah ya saka da alheri wlh yanzu na fara ganin haske, musamman na idon nan. Amma yatsun fa, kuma har yanzu maganar hali bata shige ni ba, na yarda makunni zai iya gina kafa amma kafa abu ce da ake gani a taba, shi kuma hali motsi ne da zabi.

Dan_Lab:

Malam ya gama da tushe, bari in ɗora daga inda ya tsaya da izininsa.

Yatsu tukunna ƙanwata. Lokacin da hannun ɗan tayi yake ɗan tsiro kawai, akwai wasu sel a gefen da ƙaramin yatsa zai fito da suke fitar da wani furotin mai suna Shh, yana bazuwa yana raguwa zuwa gefen babban yatsa, yawansa da tsawon lokacin da sel ya yi yana jinsa su ke taimakawa wajen tsara wane yatsa ne zai fito a ina. Ita ƙwayar gadon da ke haɗa Shh ana amfani da ita a ƙwaƙwalwa da laka da huhu da sauransu, amma makunnin da ke tada ta a hannu da ƙafa daban yake, kuma yana can nesa da ita da kusan haruffan DNA miliyan ɗaya (haruffa su ne ƙananan sinadaran da aka jera suka zama zaren DNA), sai zaren ya lanƙwaso sannan suke haɗuwa. Harafi ɗaya in ya canza a makunnin nan sai Shh ya tashi har a ɗaya gefen, a haifi yaro da ƙarin yatsa ta wajen babban yatsa alhali ƙwayar gadon kanta lafiyarta ƙalau. A 2016 wasu masu bincike a Amurka sun cire wannan makunnin a ɓera suka saka na maciji a gurbinsa, 'ya'yan ɓeran suka fito ƙafafunsu dungulmi. Maciji yana da Shh ɗinsa, makunnin ƙafar ne ya lalace.

Toh hali. Abin da zaki riƙe shi ne ƙwaƙwalwa ma gaɓa ce da ake ginawa kamar ƙafa, wace jijiya zata haɗu da wace, wane sel ne zai ji wane sinadari, duk ta hanyar kunnawa da kashewa ake tsara su, motsin da kike gani daga wannan haɗin yake fitowa. Namijin ƙudan da Malam ya ambata in zai nemi mace yana bin ta, ya taɓa ta da ƙafar gaba, ya miƙa fiffike ɗaya yana kaɗawa ya fitar da wani sauti, ko shi kaɗai aka raine shi zai yi. Akwai ƙwayar gado ɗaya da namiji da mace duk suna da ita, amma saƙon da ke fitowa daga gare ta ana yanka shi a haɗa ta hanya daban a namiji, sai ya bada furotin ɗin da ke hawa makunnai a wasu jijiyoyi ƙalilan ya canza yadda suke haɗuwa. A 2005 Ebru Demir da Barry Dickson suka sa mata suka riƙa yanka saƙon irin na maza, sai ga matan suna bin wasu matan suna nemansu.

Barci ma haka. Akwai furotin da yake taruwa a cikin sel da dare, in ya yi yawa sai ya shiga cibiyar sel ya kashe ƙwayar gadon da ke haɗa shi, ya ragu da rana, in ya ragu ta sake tashi, zagaye ɗaya kusan awa 24. Tun 1971 Ronald Konopka da Seymour Benzer suka samu ƙudajen da agogonsu ke zagayawa a awa 19, wasu 28, wasu kuma babu tsari sam, duk daga canji a ƙwayar gado ɗaya. Mu ma irin wannan zagayen ne a jikinmu.

Zumar da kika tambaya ita ta fi daɗi. Sarauniya da ma'aikaciya daga irin ƙwai ɗaya suke fitowa, abincin da aka ba tsutsar ne ke canza waɗanne ƙwayoyin gado zasu tashi, ɗaya ta zama mai zuba ƙwai tana shekaru, ɗaya ta zama ma'aikaciya da in lokacin aiki ne makonni kawai take yi a duniya. Ita ma'aikaciyar ma sati biyu zuwa uku na farko reno take yi a cikin amya, sannan ta koma fita neman abinci, kuma in aka duba ƙwaƙwalwar mai reno da ta mai fita za a ga ƙwayoyin gado masu ɗimbin yawa sun bambanta a ƙarfin kunnuwa. In aka kwashe masu reno daga amyar wasu daga cikin masu fita sukan dawo reno, tsarin kunnuwar ma ya juya da su. Kin ga a nan abin ba hanya ɗaya yake bi ba, halin da amya ke ciki yana taɓa makunni, makunni yana taɓa aiki.

Akwai kuma wasu ɓerayen daji a Amurka, iri biyu 'yan uwan juna, wani irin namiji yana manne wa mace ɗaya, ɗayan kuma baya zama da kowa. Babban bambancin da aka gano shi ne inda furotin mai karɓar wani sinadarin isar da saƙo mai suna basofiresin yake yawa a ƙwaƙwalwa. A 2004 aka ƙara shi a wani ɓangare na ƙwaƙwalwar marasa zaman, sai suka fara fifita mace ɗaya.

Abu_Sadiq:

Masha Allah bayani ya fita. Toh amma ni abinda na fahimta kenan duk halin mutum a rubuce yake a makunnan nan, mai fushi da mai rowa da mai kokari a makaranta, in an gano makunnin sai a gyara kawai? Kuma naga ana ta yadawa a intanet cewa wahala ko tashin hankalin da kaka ya sha yana sauka a DNA din jikoki, wai kimiyya ta tabbatar. Gaskiya ne ko kuwa?

Likitar_Yara:

Yaya Abu Sadiq a nan dai ina so mu taka a hankali, don wannan fahimtar tana iya cutar da mutane, iyaye su yanke wa yaro hukunci tun yana ƙarami ko wani ya ɗauka shi an riga an gama da shi.

Misalan da Dan_Lab ya kawo gaskiya ne amma an zaɓo su ne saboda su ne inda abu ɗaya ke da babban tasiri, shi yasa aka iya gano su. Yawancin siffofin mutum ba haka suke ba. Ɗauki tsawo, wanda ya fi hali sauƙin aunawa nesa ba kusa ba, wani bincike da aka fitar a 2022 a kan mutum sama da miliyan 5 ya samu wurare kusan 12,000 a DNA da ke da alaƙa da tsawo, kowanne ɗan mitsitsin tasiri gare shi, ga kuma abinci da lafiyar yarinta a kai. In tsawo haka yake ina ga fushi ko ƙoƙari a karatu. Ko a ɓerayen dajin nan masu manne wa juna ma, an daɗe ana ɗauka sinadarin oksitosin shi ne ginshiƙin mannewarsu da juna, sai a 2023 aka samar da waɗanda basu da furotin mai karɓarsa kwata-kwata kuma suka ci gaba da manne wa abokin zama suna renon 'ya'ya. Tsarin yana da hanyoyi fiye da ɗaya.

Maganar kakanni kuma akwai gaskiya a gindinta amma an ja ta ta wuce inda hujja ta tsaya. Gaskiyar ita ce sel yana liƙa wasu ƙananan alamomi na sinadari a kan DNA da ke sa wuri ya rufu ko ya buɗe, da su ne ma sel ɗin hanta in ya rabu biyu 'ya'yansa ke ci gaba da zama hanta. Rayuwa tana taɓa waɗannan alamomi. A Kanada ƙungiyar Michael Meaney ta nuna a 2004 cewa 'ya'yan ɓeran da uwa ke yawan lasa suna tashi da alamomi daban a kan ƙwayar gadon da ke daidaita sinadarin firgici, kuma in aka musanya 'ya'yan, uwar da ta yi renon suke bi ba wadda ta haifa ba. A mutane, waɗanda aka ɗauki cikinsu lokacin yunwar da aka yi a Holan a 1944 zuwa 1945 an same su da bambancin alama a wata ƙwayar gadon girma bayan shekara kusan 60. Amma ka lura su suna cikin ciki yunwar ta same su, jikinsu ne ya sha ta kai tsaye. Tsallakawa zuwa jikoki magana ce daban, domin a masu shayarwa ana goge yawancin alamomin nan har sau biyu, lokacin da ake haɗa ƙwai da maniyyi da kuma bayan sun haɗu. A tsirrai da tsutsar binciken nan an nuna gadon alama sosai, a mutum hujjar tana da rauni, kuma tarbiyya da talauci da yanayin gida su kansu suna ratsa zuriya ba sai ta DNA ba.

Inda ilimin makunni ya riga ya zama magani, wanda ni ya fi taɓa min zuciya, shi ne sikila. Jariri a ciki yana amfani da wani irin haemogulobin daban (furotin ɗin jini mai ɗaukar iskar oksijin) wanda baya sa ƙwayoyin jini su lanƙwashe, bayan haihuwa sai jiki ya kashe shi a hankali ya kunna na manya, shi yasa yaro mai sikila yawanci lafiya lau yake a watannin farko sai wajen wata shida ciwon ke fara bayyana. Ƙwayar gadon na jarirai bata tafi ko'ina ba, wani furotin mai suna BCL11A ne ya danne ta. Ba za a iya kashe BCL11A gaba ɗaya ba don ƙwaƙwalwa da garkuwar jiki suna buƙatarsa, amma sai aka gano yana da makunni na musamman da ke aiki a sel ɗin da ke zama jajayen ƙwayoyin jini kaɗai. Maganin Casgevy da Birtaniya ta amince da shi a Nuwamba 2023, Amurka a Disamba, abin da yake yi kenan: a ciro sel ɗin da ke haifar da jini daga jikin mara lafiyan, a yanke wannan makunnin, a mayar masa, sai haemogulobin na jarirai ya dawo. Kuskuren sikilar yana nan ba a taɓa shi ba. Aikin yana da nauyi, sai an ba mutum magani mai ƙarfi da ke share ɓargonsa kafin a mayar da sel ɗin, wanda ke iya taɓa haihuwa, kuma kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne, ya fi ƙarfin kusan duk masu buƙatarsa. Maganin haidiroksiyuriya da aka daɗe ana ba masu sikila shi ma wani ɓangare na amfaninsa ɗaga haemogulobin na jarirai ne.

Daliba_Mai_Tambaya:

Anti Likita nagode kwarai, ban taba sanin dalilin da yasa sikila bata nunawa a jariri sabon haihuwa ba sai yau. Malam in ka samu lokaci dan Allah ka dawo kan alamomin nan da ake likawa a DNA, tunda su ke sa sel din hanta ya zauna a hanta, ina so in gane yadda kwan kwadon Gurdon ya iya goge na sel din hanji har ya koma farko.

Malamin_Bayoloji:

In sha Allah 'yata. A taƙaice ƙwai cike yake da furotin masu ciccire alamomin suna buɗe wuraren da aka rufe, amma ba kullum yake gamawa da kyau ba, shi yasa yawancin ƙwayayen Gurdon basu kai ko'ina ba, Dolly ma ita kaɗai ta rayu cikin gwaji 277. A 2006 Shinya Yamanaka a Japan ya nuna cewa furotin huɗu kacal in aka tilasta kunna su a sel ɗin fatar ɓera sun isa su mayar da shi irin na ɗan tayi, ba tare da ƙwai ba, kuma shi da Gurdon suka raba Nobel ta 2012. Ki fara karanta yadda DNA ke naɗe a jikin furotin ɗin histon, don sai kin gane naɗin sannan bayanin gogewar zai zauna miki, daga nan sai mu ci gaba.